Layin Baya a Ajin Ɗalibata

Na daɗe ina koya wa ƙawayen amare rawar shiga fili a unguwar Gwarinpa, har gwiwata ta fara ƙara. Da kiɗan bukukuwa ya canza, ƙafafun 'yan mata suka fara abin da ban iya ba, sai na je ajin wata tsohuwar ɗalibata na tsaya a layin baya. Ita ce ma ta ji kunya, ta kawo mini kujera. Na ce ta mayar, ba kallo na zo ba.

Ƙanena mai aikin gwamnati ya ga wani bidiyon ajin a waya, ina kuskure ana gyara mini. Ya zo har gida yana huci.

"Haba Yaya, da girmanki? Sa'ar 'yar cikinki ce fa take ce miki ki sake!"

Ina shafa man zafi a gwiwa na dube shi. Na ce, "Kai da ofis ke turawa kwas kowace shekara, wa ya taɓa ce maka ka girma? Gemu ma bai hana ilimi ba, balle furfurar da ke ƙarƙashin ɗankwali. Matsa mini, gobe da gwiwar nan zan gwada sabon juyin da aka koya mana."