Baiyun Biyu

Bangon da ya raba ɗakin Hajiya Hasiya da na Tankari katako ne aka shafa wa fenti, ko tari mutum ya yi sai na gefe ya ce masa sannu. Don haka ba laɓe ta yi ba. Tana tuƙa tuwon masu sayen abincinta muryar Munkaila, abokin zaman Tankari, ta ratso katakon.

"'Yarka ce fa, Tankari! Ba kwastoma ba ce!"

"Na ce mata ta biyo ta Hong Kong. Mi ya hana ta ji?"

"Ta riga ta yanki tikitin Baiyun, gobe da azahar za ta sauka. Kai da ka tarbi rabin Maraɗi, taka ce za ta gagare ka?"

"A bakin bas na tarbe su."

"To, ka dai ji ta da kunnenka. Ta ce in ba ta gan ka a filin jirgi ba, ba za ta neme ka ba, ta sari kayanta ta koma ta ce wa uwarta babu kai."

Aka buga ƙofa. Hasiya ta lura muciyarta ta tsaya a tukunya.

Babu Bahaushen da ke kwana a lungunan bayan titin Huanshi Lu da bai san Tankari ba. Ɗan kamasho ne a tashar Maraɗi kafin ya zo Guangzhou, kuma tashar ce ya ɗauko ya kawo nan. Baƙo zai kira shi tun daga Yamai ko Kano, shi zai faɗa masa inda zai sauka, ya tarbe shi, ya nema masa masauki, ya kai shi kasuwar Canaan wurin 'yan sarin tufafi ya ce wa mai shago, "Laban, ga ɗan'uwana, kar ka yanke shi." Huɗubarsa ɗaya ce ga kowa. Shenzhen wahala ce. Filin jirgin Baiyun bayan gari ne, ka sauka a daji, mai tasi ya yi ta ce maka "meyo, meyo", wato babu, har ka ƙara masa. A biyo ta Hong Kong, a hau bas, ta sauke mutum a Liuhua Lu, tsakiyar gari, inda zai same shi tsaye da hularsa.

Wasu suka ce yana da kaso wurin masu bas. Munkaila ya ce ba wani kaso, bizarsa ce ta mutu tun tuni, ga shi bana saboda wasannin Olamfik ko burodi ka fita saye sai an tambaye ka fasfo, balle filin jirgi. Gaskiya ne. Amma Hasiya ta sha ganin Tankari ya ratsa ta gaban 'yan sanda yana sakace, har da gaishe su da "nihau". Mai wannan zuciyar ba kaki kaɗai yake tsoro ba.

Abin da ta fi lura da shi wani ne daban. Yana cikin magana sai ya yi shiru, ya ɗan sunkuyar da kai, ya jira, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Tsofaffin zuwa ne suka fassara mata. Lokacin da Tankari ya zo, filin jirgin a cikin gari yake, nan bayan unguwar Sanyuanli. Jirage na bi ta saman rufin kasuwa ƙasa-ƙasa, mai ciniki ya dakata sai ƙarar ta wuce. A shekarar 2004 aka rufe shi, aka kwashe jiragen da sunan gaba ɗaya aka kai can arewa. Kowa ya saba da shirun, ban da Tankari. Wata rana yana irin wannan jiran a ɗakinta, ta rantse ta ji gilashin tagarta ya yi rawa. Ta yi a'uziyya, ba ta faɗa wa kowa ba.

Da la'asar ta kai masa tuwo da kanta.

"Malam Tankari, in fasfo ne matsalar, ka tsaya daga waje mana, wurin masu bas. Ni sai in shiga in fito maka da ita."

"Hajiya, kin gode."

"Ni na gode? Kai dai ka gode. Yaya kamanninta, Hindun?"

Bai taɓa kiran sunan ba, sunan mahaifiyarsa ne. Sai ya ɗaga tafin hannunsa daidai ƙirjinsa.

"Ga tsawonta."

Hasiya ta dubi hannun nan da ke shawagi a kan yarinyar da babu ita. Wadda za ta sauka gobe matar aure ce mai shagon atamfa. Mutumin da ke gane ɗan Maraɗi tun daga nesa da irin ɗaurin jakarsa, shi ne za a tsayar a gaban ƙofar fitowa, 'yarsa ta zo ta gifta yana leƙen bayanta.

Washegari da hantsi ya fito cikin shuɗiyar shadda mai karin guga, yana ƙamshin turare. Munkaila har da tafi: "Ango ka sha ƙamshi! Ina zuwa?"

"Baiyun."

Yadda ya faɗe shi a sauƙaƙe ne bai kwanta wa Hasiya ba. Ta bar wa Munkaila kulolin abinci, ta yafa mayafi, ta hau bas ɗin filin jirgi.

Sabon Baiyun gilashi ne da sanyi, da tutocin wasanni ko'ina. Ta zagaya wurin masu tarba har ƙafarta ta gaji. Babu shuɗiyar shadda. Da fasinjoji suka fara fitowa ba ta sha wahala ba, goshin Tankari ne sak a fuskar wata doguwar mace da ke jan akwati. Matar ta tsaya tana bin fuskokin maza ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har wurin ya kusa watsewa.

"Hindu? Ni maƙwabciyar babanki ce."

"Shi ya aiko ki, Inna?"

"A'a."

"To." Ta gyara riƙon akwatinta. "Ki nuna mini otal."

"Zan nuna miki. Amma sai kin ci tuwona kin yi salla, ba a sauka a hannuna a wuce da yunwa."

Suka hau bas. Gonaki suka wuce, masana'antu suka wuce, gidaje suka fara cunkushewa. Da suka kusa shiga gari, sai fili ya buɗe ta gefe, fetal, ciyawa ta fasa kwalta, farin zane ya koɗe a kan doguwar hanyar da ba ta zuwa ko'ina. A bakin shingen waya wani mutum na tsaye shi kaɗai, hannuwa a baya, kansa a sama.

"Inna, dubi wani mutuminmu can," in ji Hindu. "Mi yake kallo?"

Hasiya ta gane shuɗiyar shaddar, ta gane tsohon filin jirgin. Bai yi wa kowa ƙarya ba. Baiyun ya ce, Baiyun ya zo. Ko wayo ne ya yi wa kansa, ko da gaske yana jiran jirgi ya keto wannan sararin, ba ta sani ba, kuma ba ta jin shi ma ya sani. Bas ta sha kwana.

Hindu ta yi salla, ta taɓa tuwon kaɗan. Tana miƙewa ta kama akwatinta aka yi sallama. Hasiya ta buɗe. Tankari ne, karin gugar ya mutu, ƙarangiyar ciyawa ta manne a ƙafar wandonsa. Ya dubi doguwar matar. Idonsa ya fara sauka daidai ƙirjinsa, inda ya bar ta, sannan ya hau a hankali har ya kai goshin.

Hindu ba fuskarsa take kallo ba, shaddar take kallo. Hannunta ya saki akwatin.

"Baba," ta ce. "Kai ne a bakin shingen."

Bai shigo ba. Ya ɗan sunkuyar da kai, ya jira abin da yake ji ya wuce, sannan ya ce:

"Na je tarbarki, uwata. Tun hantsi nike tsaye. Jirginku ne bai sauka ba."