Ranar Haihuwar Aro

Ana saura kwana biyu a ba da hutu, a shekararmu ta ƙarshe a sakandare, shugaban makaranta ya kira mu biyu ofishinsa. Ya miƙa wa kowannenmu fom na neman sukolashif, na ƙaro karatu a Kudu. Ya ce mutum ɗaya za a ɗauka daga makarantarmu, mu cike a gida mu aika Kaduna kafin wata ya mutu.

Na biyun namu abokina ne, ɗan wani akawun jirgin ƙasa, mutanen kudancin Zariya da ke zaune a Sabon Gari. Ni kuwa ɗan Fagge ne, kakana ya zo daga Barno da fataucin kanwa, ya zauna. Tun ajin farko abokin nan yake ɗaukar na ɗaya, ni na biyu. Ko sau ɗaya ba mu taɓa yin musanya ba. Da ma yana da girman kai, da na samu abin riƙewa a kansa. Ina! Shi ne mai ba ni aron littafinsa, shi ne mai zaunar da ni ya warware mini lissafin da ya gagare ni. Kirkin nan nasa ya fi komai ƙona mini rai. Ina son sa, ina kuma ƙyashinsa, duka biyun da gaske.

Kwana uku da dawowarmu Kano na taka zuwa gidansu don mu duba fom ɗin tare. Mamarsa ta ajiye mana dafaffiyar doya da manja. Muna ci muna bin layukan, har muka iso inda aka ce a rubuta ranar haihuwa: rana, wata, shekara. Babansa ya tashi ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da wani kati naɗe a cikin leda ta tebur. Katin baftisma ne, wanda coci ke bayarwa in an yi wa jariri wankan shiga addininsu. Ga sunan abokina da tawada shuɗiya, ga ranar da aka haife shi, har da hatimi.

Na cire hannu daga doyar. Wato bayan na ɗaya a aji, da takalmi sau-ciki, da uba mai jin Turanci, har ranar haihuwa Allah ya ba shi tasa ta kansa, a rubuce.

"Kai yaushe aka haife ka, Babarbare?" in ji shi, yana dariya.

Na ce sai na tambayo.

Da na koma Fagge na sami Inna tana tankaɗe. Na ce, "Inna, yaushe aka haife ni?"

Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Da damina."

"Wace damina?"

"Ta shekarar da fāri suka sauka."

Baba yana zaure yana ɗinke bakin buhun kanwa, ya jiyo mu, ya ɗaga murya ya ce ai fārin nan shekara uku suka jera suna zuwa. Aka aika aka kira Gwaggo, ita ta ce ta tabbata bayan rasuwar jakin Baba ne, fari mai tabo a goshi. Baba ya ce jakuna biyu ya yi masu tabo a goshi. Suka kaure da gardama suna ta dariya, ni kuwa kamar in yi kuka. Mutane sun haife ni, sun raɗa mini suna, sun yanka rago, amma ba wanda ya ga dalilin riƙe ranar.

Na koma zaure da la'asar, na zauna a kan buhu ina juya fom ɗin don haushi. A nan na ga rubutun da ke bayansa, ƙanana ƙwarai, sai ka matso da shi kusa da hanci. Sharuɗɗa ne. Ɗaya ya ce wanda ba shi da takardar haihuwa ya kawo shaidar mai unguwarsu. Na ƙasansa ya ce ba za a duba takardun duk wanda ya haura shekara ashirin a ranar rufe karɓa ba.

Ranar da ke kan katin nan tana zaune daram a kaina, don na ƙura mata ido fiye da yadda ya kamata. Na lissafa da yatsu. Na sake lissafawa da tsinke a ƙasa. Abokina ya haura da 'yan makonni.

Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Wani irin sanyi ya ratsa ni, irin na wanda ya sha ruwan randa da tsakar rana. Kunyar daga baya ta zo, kuma ba ta kai daɗin ƙarfi ba.

Washegari abokina ya zo Fagge da kekensa. Babansa ya tafi da fom ɗin ofis an buga masa da tafireta, tsaf, an kuma maƙala takardar yabo ta shugaban makaranta a baya da allura, ta rufe ƙananan rubutun nan ruf. Ya nuna mini yana murna. Sai ya ce, "Abu ɗaya ya rage. Baba yana tsoron kada katin ya ɓace a gidan waya. Kana ganin in haɗa da shi, ko in bar shi?"

Da na ce ya ɗaga takardar yabon nan ya karanta abin da ke ƙarƙashi, da ya gani. Sabon Gari ma akwai masu ba da shaida, kuma a zamanin nan ba a ɗauki rage wa yaro shekara wani abu ba. Mai yiwuwa babansa ba zai yarda ba, don mutum ne mai tsantseni. Ban sani ba. Ni dai ban ba su damar su zaɓa ba.

Na ce, "Haɗa mana! Wa zai kalli tawa shaidar mai unguwa ga taka mai hatimi?"

Ya ce, "Allah ya bar zumunci, mutumina."

Ni da Baba muka je wurin mai unguwa. Malaminsa ya tsoma alƙalami, ya dube ni ya ce, "To ɗan boko, faɗi ranar, kai ka san abin da Turawanka suke so." Kwanakin damina duk ga su a gabana, sai wanda na ga dama. Amma rana ɗaya ce kawai a bakina. Na faɗi ranar abokina, da watansa, na matso da shekarar gaba da shekara guda. Baba ya gyaɗa kai ya ce lalle fāri sun zo a wannan shekarar. Mai unguwa ya dangwala.

Tare muka je gidan waya, muka liƙa kan sarki, muka jefa ambulan biyu a akwati ɗaya.

Mun gama jarrabawa, ya ɗauki na ɗaya kamar kullum. Bayan 'yan watanni amsa ta zo. Tawa doguwa ce. Tasa layi biyu, tare da katinsa, bai ɓace ba. Ban je na yi masa jaje ba, na ce zazzaɓi nake. Kafin lokacin tafiyata babansa ya samar masa aiki a tashar jirgin ƙasa, wurin sayar da tikiti.

Ran tafiya na so in bi wata tagar, amma ɗaya ce a buɗe. Ya gan ni, ya bar wa wani kujerarsa ya zagayo, ya karɓi akwatina daga hannun Baba ya kai har cikin tarago. Ya ce, "Kawo takardar sukolashif ɗin in gani mana, ko ido ya samu rabonsa."

Na miƙa masa. Ya karanta a hankali, yana murmushi, har ya iso layi na uku. Na ga idonsa ya tsaya. Ya daɗe a wurin. Ya juya takardar, ya duba bayanta, ba komai. Ya ninke ta yadda take, ya sa mini a aljihun riga da hannunsa.

"Ashe rana ɗaya aka haife mu," in ji shi. "Sai dai na girme ka da shekara."

Jirgi ya yi kuka, abokina ya sauka. Bai tsaya ɗaga hannu ba, mutane na jiran sa a taga.

Da wannan ranar na yi karatu, da ita aka ɗauke ni aiki, da ita aka lissafa ritayata. Jikokina sun koyi al'adar zamani, duk shekara sai su taru a ranar su kawo mini kek, su ce in hura kyandir. Ina hurawa, don ba su san ta wani ba ce.