Mai Tsaron Baya

Aikina a wani zauren motsa jiki ne a unguwar Ma'adi, a babban birnin Masar. Ina share tabarmin roba, ina goge madubai, ina kula da ɗakin da 'yan mata ke canza kaya. Daga unguwar Hayyis Sabi' nake zuwa, inda muke zaune tun da maigidana ya zo karatun addini, karatun kuma ya ƙi ƙarewa. Da yake ba ni da wanda zan bar wa 'yata, tare muke tafiya idan ta taso daga makaranta.

A zauren akwai ƙungiyar 'yan mata masu wasan da ake kira ciyalidin. Rawa ce da tsalle da ihu, amma inda hankali yake tashi shi ne ɗagawa. Biyu su riƙe ƙafafun yarinya su cira ta sama, ɗaya ta tsaya a baya riƙe da idon sawunta, sannan su cilla ta, ta faɗo rigingine, su cafe. Kociyarsu, wata Bamisiriya mai ƙarfin murya, ta hangi 'yata tana kwaikwayonsu a lungu.

"Wannan ai tsuntsuwa ce, ya hajja. Ba ni aronta."

"Idan ta faɗo fa?"

"Ke da kike share wurin nan, kin taɓa kwashe 'yar wani a ƙasa?"

Ni mai wasiwasi ce. Nakan sake alwala ba tare da ta karye ba, nakan dawo daga bakin titi in duba tukunyar gas. Na kai maganar gaban Malam, maigidana, ya gindaya sharaɗi: dogon wando, dogon hannu, kuma mata zalla.

Wadda aka ba tsaron bayan 'yata doguwa ce, 'yar wasu Turawa mazauna unguwar. Larabcinta gurgu ne kamar nawa, tana ce mini "tant", wato inna. Ba ta taɓa shiga ɗakin canza kaya ba, a shirye take zuwa, a haka take komawa. Na ɗauka kunya ce, har na yaba mata a raina. Idan ita ce a baya, ina iya ci gaba da shara. Idan ta yi fashi aka sa wata, sai in tsaya da tsintsiya a hannu ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Gasa ta matso, za a yi a Giza. Wata rana da la'asar wata mata ta shigo, uwar wata yarinya daga ƙungiyar da za a kara da ita. Ba ta yi sallama ba.

"Kowa ya sani sai ku kuke yi kamar ba ku sani ba," ta ce wa kociya. "Waccan doguwar namiji aka haife ta. Ku duba kafaɗun nan! Tana cilla yarinya har kusa da fanka, alƙalai su ba ku maki. Tawa 'yar fa? Hannayenta duk sun yi kanta, tun tana ƙarama take wannan wahala."

"Yi a hankali, ya madam, yara na ji."

"Su ji mana! Rukunin mata aka ce. Akwai rukunin gauraye, ku tafi can."

Uwar doguwar tana zaune a benci. Ta miƙe, fuskarta ta yi ja, ta ce 'yarta yarinya ce, haka take rayuwa, haka ƙawayenta suka san ta, kuma akwai 'yan mata a zauren da suka fi ta ƙarfi. Ban san ko haka ne ba. Ni dai na shiga tuna duk ranar da na ga hannayen nan a ƙugun 'yata.

A mota ban iya yin shiru ba, na tambayi 'yata.

"Kin sani?"

"Kowa ya sani, Umma. Ke ce kawai."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Da kin hana ni. Kuma ita ba ta taɓa sakina ba."

Na faɗa wa Malam, don ba na iya kwana da abu. Ya daɗe yana juya kofin shayi, sannan ya ce sharaɗinsa yana nan. Kafin mu yanke komai, masu shirya gasa suka yanke: ko ƙungiya ta koma rukunin gauraye, inda akwai samari ƙarti, ko a cire doguwar. Iyaye suka zaɓi a cire ta. Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma har yau ban san me zan ce ba da an tambaya.

Doguwar ta zo ɗaukar takalminta ina goge madubi. Ta ce, "Ma'alish, ya tant." Ban san me take ba ni haƙuri a kai ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Aka sa wata a baya, yarinya mai ƙoƙari, ba ta da laifi. A atisaye komai yana tafiya daidai, domin kociya na tsaye tana ƙirga da ƙarfi, kowa na ji. A Giza kuwa kociya ba ta da izinin hawa tabarma, kiɗa kuma ya cika wuri har ƙirjina yana rawa. Suka cira 'yata sama. Na ga ta tsaya ƙyam, hannuwa a buɗe, kamar mai sauraron wani abu. Na ƙasa suka durƙusa suka cilla, ita ba ta shirya ba. Ta tafi a karkace. Sun taɓa ta, amma ba su riƙe ta ba.

Ba zan kwatanta ƙarar ba. Ina jin ta idan murfin tukunya ya faɗi, ina jin ta idan maƙwabta suka jefo buhun shara daga bene.

Ƙashin wuya ne ya karye, wanda ya haɗa da kafaɗa. A asibiti, bayan an ɗaure ta, na tambaye ta me ta tsaya jira.

"Matsi, Umma."

"Wane matsi?"

"Idan kiɗa ya yi yawa ba a jin ƙirga a sama. Sai ta matsa mini idon sawu, in san yanzu ne. Mu biyu muka saba, ko kociya ba ta sani ba. Na san ba ita ce a baya ba, wallahi na sani. Ƙafata ce ta ƙi yarda."

Na je wa Malam da tambayoyina, kamar kullum. Ya amsa mini hukuncin taɓawa tsakanin mace da namiji, da shekarun da ake fara lissafi, ya kawo abin da malamai suka ce. Na ce, to faɗuwar fa, a wuyan wa take? Matar da ta zo ƙorafi ba ƙarya ta yi ba, na ga hannayen 'yarta a Giza. Doguwar ma ba ta cuci kowa ba a gabana. Ya ce, "Ƙaddara ce, ki bar zuciyarki ta huta." Na yarda ƙaddara ce. Zuciyar ce ba ta huta ba.

Turawan sun bar ƙasar kafin ɗaurin ya warke, ban san ina suka nufa ba. Wani lokaci ina shara, in ɗago, sai in ga kamar akwai doguwar inuwa a bayan masu ɗagawa, hannuwa a sama. Sai in yi a'uziyya in ci gaba.

Da 'yata ta warke, kociya ta lallashe ta ta dawo. Suka cira ta iya kafaɗa kawai. Jikinta ya sandare, ta waiga baya, abin da aka hana mai hawa yi. Ta ce a sauke ta.

"Khalas, ya kabtin," ta ce wa kociya. "Na gama."

Yanzu ta yi tsawo, ta kusa kamo ni. Benenmu ba shi da lif, kuma duk safiya ina bin ta a baya muna saukowa. Tana tafiya a gicciye, bayanta manne da bango, tana laluben kowace matakala da ƙafa kafin ta taka.