Hujin Hancin Batulu Mai Banda

Batulu mai banda ta kai shekara arba'in a duniya ba a taɓa soka mata allura a fuska ba. A Lolo, inda ake huda wa jaririya kunne tun ba ta iya zama ba, wannan abin kallo ne. Baƙin mata da ke zuwa sayen kifi wurinta ranar kasuwa sukan dubi kunnuwanta sumul, su dubi juna, sannan su shiga ciniki.

Dalilin yana gidansu. Yayarta Dela an huda mata kunne tana ƙarama, wurin ya ƙi kwanciya. Nama ya tsiro a bayan kunnen, yana girma a hankali har ya kai ƙwayar goro. Wanzami ya yanke, ya dawo ya fi na da. Tun daga nan uwarsu ta ce naman gidansu ba ya shiri da ƙarfe, ta hana kowa taɓa Batulu. Haka ta tashi, ta auri Attahiru mai kwalekwale, ta haihu, ta koyi bandar kifi wurin surukarta. Shi yana kawo kifi daga kogin Kwara, ita tana kyafewa ta kai kasuwa. Duk lokacin da ta ga zobe yana ƙyalli a hancin wata, sai ta bi shi da ido, amma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Tana da ƙawa guda, Atika, Bafillatana mai tallan nono, wadda rugarsu take tsallaken iyaka a ƙasar Dahomi. Shekaru suna zama kusa da juna a kasuwa. A shekarar da aka sami mulkin kai, raɗe-raɗi ya yi yawa cewa za a tsaurara iyaka, a ƙara matsa wa masu shanu. Mutanen Atika suka yanke shawarar tashi su nausa kudu. A kasuwarta ta ƙarshe, Atika ta kwance ɗan zoben azurfa daga hancinta ta danƙa wa Batulu.

"Riƙe, Kaɗo. Ba ni da abin da ya hi wanga."

"Ina zan sa shi? Kin san ba ni da huji."

"Goggona na nan, ta iya huji, hannunta da sanyi. Ki taho kahin mu tashi."

Batulu ta ƙulle zoben a bakin zane. Ta yi ta kwancewa tana dubawa tana mayarwa. Uwarsu ta daɗe da rasuwa, Dela tana aure a Lafagu, Attahiru yana bakin ruwa. Ana gobe ruga za ta tashi, ta rufe murhun banda da sassafe ta kama hanya.

Ta iske ana ɗaure kaya. Goggo, tsohuwa siririya, ta zaunar da ita a kan turmi, ta gasa allura a wuta, ta zura zare, ta shafe shi da man shanu. Batulu ta buɗe baki za ta ba da labarin kunnen Dela, sai ta ji tsoron kada tsohuwar ta fasa, ta yi shiru. Goggo ta yi bisimilla, ta kama gefen hancin na hagu ta soka. Hawaye ya zubo da kansa. Tsohuwar ta ɗaure zaren, ta ce a riƙa wankewa da ruwan ɗumi da gishiri, a shafa man kaɗe, a juya zaren a hankali, kada a sa zoben sai wurin ya bushe sarai.

Da Attahiru ya dawo ya ga zare a hancin matarsa, ya tsaya da igiyar kifi a hannu.

"Ke da kanki? Kin manta kunnen Dela?"

"Ban manta ba, Malam."

Ya ajiye kifin ya fice, wannan kuwa ya fi mata faɗa ciwo.

Kwanakin farko lafiya lau. Ta koma bakin murhu, hayaƙi yana dukan fuskarta tun safe har la'asar, tana share zufa da hannun da take juya kifi. Sai wurin ya fara zafi. Hancin ya kumbura, ya yi ja, yana bugawa kamar ana kiɗa a ciki. In ta yi sujada sai ta ji kamar fuskar za ta tsage. Wata safiya ta leƙa ɗan madubinta, ta ga wani ƙullutu kamar ƙwayar dawa ya fito a bakin hujin.

Na Dela yana kunne, ɗankwali yana rufe shi. Hanci fa, da me za ta rufe? Ta hango kanta zaune a kasuwa da goro a tsakiyar fuska, yara suna nunawa. Goggo da za ta tambaya kuma ta tafi. A wurin rugar ba abin da ya rage sai toka da kashin shanu. Ta daina zuwa kasuwa. Ta daina cin abincin kirki. Ba ta da aiki sai taɓa ƙullutun, ta ji ko ya ƙaru. Maƙwabta kowa da maganinsa: wannan ta ce toka, waccan ta ce a cire zaren, wata ta ce in an cire mugunya za ta taru a ciki. Attahiru ya ce su tafi wurin malamin asibiti, ta ƙi, don tana tsoron a ce za a yanka.

Shi ne ya aika Lafagu ba da saninta ba. Dela ta iso da rana tsaka, ko ruwa ba ta sha ba ta ja ƙanwarta zuwa haske.

"Mi kinka yi ma kanki, Batulu? Da girmanki?"

"Yaya, ki yi faɗan daga baya. Duba mini. Irin naki ne?"

Dela ta wanke hannu, ta danna wurin a hankali. Batulu ta yi ƙara, ruwa fari ya fito.

"Nawa bai taɓa ruwa ba," in ji Dela. "Tauri garai kamar dutse, sai ƙaiƙayi. Wanga taushi garai. Datti ne da hayaƙi, da hannunki da ba ya zama wuri guda."

"To ba zai tsiro ba?"

Dela ta goge hannunta. "Wannan ban sani ba. Nawa sai da huji ya warke da watanni kana ya hito. Ba ni yi miki ƙarya."

Ta zauna a gidan. Ta karɓi bandar da kanta, ta hana Batulu zuwa kusa da murhu. Safe da yamma takan tafasa ruwa da gishiri, ta tsoma tsumma mai tsabta ta gasa wurin, ta shafa man kaɗe da ɗan tsinke. In ta ga hannun Batulu ya nufi hanci sai ta buge shi kamar ta yarinya. Sannu a hankali zafin ya sauka, ƙullutun ya motse, ya bushe, ya faɗi. Dela ta zare zaren ta sa tsinken ciyawa mai santsi, ta koma Lafagu lokacin yankan gero.

Hankalin Batulu bai kwanta nan da nan ba. Duk ranin nan da tsinke ta yi yawo, kowace safiya tana shafa gefen hancin da ɗan yatsa tana jiran ta ji tauri. Ƙaiƙayi kaɗan ya isa ya hana ta cin tuwo. Sai da ruwan farko ya sauka, ta ga wurin yana nan lafiya, in ban da ɗan baƙin tabo, sannan ta sa zoben, ta fita da shi kasuwa.

A makonnin da ta yi a gida, masu sayen kifinta da yawa sun koma wurin wata Mariya, kuma ta sha wuya kafin ta dawo da su. Daga nan ba ta ƙara tsayawa bakin murhu ba sai ta ɗaure hanci da ƙyalle. Ta ci gaba da banda har hayaƙi ya raunana mata ido, ta miƙa sana'ar ga matar ɗanta, ita kuma ta koma zama a rumfa tana karɓar masu ciniki.