Gwiwa Ɗaya a Ƙasa

Duk ranar da iska ta kwaso ƙaurin babbakar ƙafar saniya daga bayan kasuwa ta kawo shi inda nake facin taya, sai in tsaya da aiki. Warin mahaifina ke nan. Da shi yake shigowa gida, ko ya dirje jikinsa da sabulun salo bai rabuwa da shi, kuma har yau ban san ko ina son warin nan ko ina ƙinsa ba.

Mahauci ne, mutumin Kabi. Yawon dambe ya kawo shi Zuru yana saurayi, ya ga mahaifiyata, 'yar Dabai, ya zauna. Lokacin da na yi wayo ya riga ya daina shiga fage, amma in an zo wasa shi ake shimfiɗa wa tabarma a gaba, shi ke raba gardama. Na ga irin dambensa a jikin samarin da yake koya wa a bayan gida. Ka buɗe ƙafa, ka rage tsawo, ka miƙa hannun hagu a buɗe ya zama garkuwa, na dama kuwa, wanda aka naɗe da kara, wato igiyar dambe, ka ja shi baya ka ɓoye. Sai jira. A zamaninsu mutum biyu kan yi ta kewaya juna har mai kallo ya cinye rakensa ba a kai naushi ba. Idan aka kai kuwa, sau ɗaya ne. Da ƙafa suke bin garuruwa in an yi kaka, su kwana a rumfar mahautan da suka tarar, su dawo da riga ɗaya da kumburin ido, makaɗa na ambaton sunansu. Abin da suke nema ke nan.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, soja ne, kamar rabin mazan ƙasarmu. A bariki ya koyi nasa damben, na safar hannu, wanda ake yi cikin igiya da ƙararrawa. Da ya bar aiki ya sauka gidanmu, aka ba shi ɗakin zaure. Shi coci yake zuwa, Baba masallaci, akushi ɗaya suke sa hannu, ban taɓa jin addini ya haɗa su ba. Dambe ne ya haɗa su. Baba yakan ce mutumin da ya ɗaura filo a hannu barci ya zo yi. Kawu ya ce damben Hausa kallon-kallo ne irin na raguna, ana jiran sa'a. Sai ya miƙe tsakar gida ya nuna mana yadda ake yi, yana tsalle a kan yatsun ƙafa, kai na kaucewa, hannuwa biyu na fita kamar ana sussukar dawa. Ya sha ba mu labarin dabarar bariki. In an buge ka kanka ya juya, kada ka tsaya a ƙarasa ka, ka sa gwiwa ɗaya a ƙasa da kanka, alƙali ya fara ƙirga, ka huta, yana kai takwas ka miƙe. Baba yana ji, yana sakace haƙori, yana murmushi.

Kawun nan shi ya kai ni makaranta. Shi ke zaunar da ni da yamma da tsohuwar jarida in haɗa baƙi. Ku riƙe wannan, don ku san ba ɗan kallo ba ne kawai ke ba ku labari.

Wata kaka, an gama yankan dawa, rumbuna sun cika, garin duk ƙanshin sabon tuwo, sai 'yan dambe suka sauka daga wajen Sakkwato. Cikinsu akwai wani dogo mai tabo a goshi da ya kwana uku yana zubar da samarinmu. Gardama ta yi zafi a gida har Kawu ya ce shi zai shiga. Baba da kansa ya naɗa masa kara. Ni na riƙe bakin igiyar. Baba ya gaya masa hagu ba ta naushi, turmi uku ake yi, wato zagaye uku, kada ya rungumi mutum. Ina nan tsaye har aka ɗaure, ban ji ya ƙara komai ba.

Da la'asar aka shiga. Wallahi ban sake ganin irin turmin farkon nan ba. Baƙon ya kafe yana jira irin yadda aka koya masa, Kawu kuwa bai ba shi abin da zai jira ba. Ya shigo ta nan, ya fita ta can, ya sa masa uku a haƙarƙari kafin ya juyo. Ya ƙara masa ɗaya a fuska, hancin baƙon ya fashe. Masu kalangu suka rikice, ba su san kiɗan da za su yi wa mutumin da ke rawa a fage ba. A turmi na biyu baƙon ya samu abin da yake jira, ya sauke masa ɗaya a gindin kunne. Kawu bai faɗi ba. Na rantse bai faɗi ba. Ya ja baya taku biyu, ya duba ƙasa, ya sa gwiwarsa ɗaya a hankali kamar mai shirin ɗaure takalmi, yana kallon gefe, yana jiran wanda zai ƙirga.

A dambenmu, gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an kashe ka, wasa ya ƙare. Yaron goye ma ya sani. Kafin ya miƙe fage ya cika, an ɗaga baƙon sama. Kawu ya tashi ya gyara tsayuwa, hannuwa a gaban fuska, shi kaɗai, yana cewa bai kai takwas ba. Nan dariya ta fashe.

Ya ratsa mutane ya zo gaban tabarmar Baba.

"Yaya, kai ka gani. Faɗuwa na yi?"

Baba bai ɗaga kai sosai ba. Ya ce, "Soja, gwiwa ta taɓa ƙasa."

Daga ranar yara suka samu abin yi. Duk inda Kawu ya bi sai ka ji ɗaya, biyu, uku, daga bayan katanga. Ni ma na yi sau ɗaya, cikin abokaina, don kada a ce ni na mai durƙuso ne. Ya waiwayo ya gan ni. Ya juya ya wuce. Kafin damina ya kwashe akwatin ƙarfensa ya koma Dirin Daji noma, bai sake kwana a gidanmu ba. Mahaifiyata ta yi wata biyu ba ta yi wa Baba magana in ba ta kama dole ba. Ni kuwa ba wanda ya sake tambayar jarida. Aji huɗu na tsaya, aka miƙa mini wuƙar fiɗa, ita ma ban yi kirki da ita ba.

'Yan damben yau fa? Ina ganinsu a wayar yara. Jiki kamar an sassaƙa, an auna nauyinsu, ga alƙali da usur, ga mai ɗaukar hoto yana bin su. Ba mai jira. Ana busawa sai ruwan naushi, ido rufe, don mai kallo a waya ba ya da haƙurin da zai cinye rake. Suna da ƙarfi, ban hana su ba, kuma suna samun abin da su Baba ba su taɓa mafarki ba. Amma da ido na Baba, da ƙafa ta Kawu, ban ga wanda ya haɗa ko rabin ɗaya ba. Abin haushi, wanda duk ya fi iya kaucewa a cikinsu ana ta yabonsa wai ya zo da sabon salo. Salon da aka yi wa dariya a Zuru tun kafin a haifi ubansa.

A ciwon ajalinsa, wata safiya bayan an ɗauke ruwa, Baba ya sa na fito da shi rana. Ba tambayarsa na yi ba. Ya ce ya san Kawu zai durƙusa in ya ji zafi, tun yana naɗa karan ya sani, ya bar bakinsa rufe don yana so a ga iyakar damben bariki. Sai ya ce, "Da an bar wanga soja ya tashi, baƙon nan bai ganin ƙarshen turmi na uku. Ni ma a ƙuruciyata ban sani ba ko in iya mishi. Ka je ka gaya mishi."

Ban je ba. Shekaru na riƙe maganar. Ina jin haushin Baba kan abin da ya yi, ina jin haushin Kawu da ya tafi ya bar ni da wuƙa, kuma ina jin kunyar ƙirgan da na yi. Sai bara da kaka aka ce mini idon Kawu ya fara tafiya, na hau mota.

Na same shi gindin ɗorawa yana ɓarar gyaɗa da lalube. Na gaishe shi, na faɗi duka, har da nawa. Ya daɗe yana murza ɓawo.

"Turmi na nawa ya ce?"

"Na uku, Kawu."

"Mahaucin nan har ya mutu bai daina rage mini ba. Na biyun ma ba zai ƙarasa ba."

Ya yi 'yar dariya, ya goge ido da bayan hannu, ya ce ƙurar gyaɗa ce. Game da dokar gwiwa kuwa, ya ce shi ma bai tambaya ba, girman kai ya hana shi tambayar mutumin da bai taɓa sa takalmin soja ba. Nawa ƙirgan ya ce bai tuna ba. Na san ya tuna.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in na koma in faɗa wa mutane. Na ce masa waɗanda suka yi dariyar kusan duk suna ƙasa. Ya ce to in faɗa wa 'ya'yansu.

Ɗan damben yau in an zalunce shi sai a mayar da hoton baya kowa ya gani da idonsa. Kawuna ba shi da hoto ko ɗaya. Turmi ɗaya da rabi ya yi a fagen Zuru, kuma duk duniya bakina kaɗai ya rage masa. Shi ya sa nake faɗa, ko ana saurare ko ba a yi. Mutumin nan bai faɗi ba.