Igiyar Dokin Malam Tanko

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, manyan gidanmu a Daura ba su da hira sai ta alƙalai da shaidu. Mu yara ba ruwanmu. Da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba, tana gasa mana gyaɗa a toka, tana ƙwale mai saurin hannu da muciya. Duk tatsuniyoyinta da dariya take ba mu, ban da guda ɗaya.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji ta. Wai an yi wani ɗan sarkin Larabawa, attajiri mai fataucin turare da darduma, wanda sukuwa ta shiga jininsa. Duk inda ya ji labarin doki mai gudu sai ya je. Ya sauka a Mai'adua gidan Malam Tanko, dillalin dabbobi, wata biyu suna cin tuwo kwano ɗaya, yana kiransa ɗan'uwa. Tanko yana da wani baƙin doki da ya raina da hannunsa. An taya ya fi a ƙirga, ya ce ba na sayarwa ba ne.

Balaraben bai taya ba. Aro ya nema, ya kai shi sukuwa ɗaya a ƙetaren iyaka ya dawo da shi. Ran tafiya, a tsakiyar kasuwar dabbobi, ya fito da ragamar alharini ya ce, "Ɗan'uwa, wannan tsohuwar igiya ba ta dace da shi ba, kwance abarka." Tanko ya ji daɗi, ya kwance, ya naɗe ta ya rataya a kafaɗa.

A nan Iya kan ajiye muciya. "Kun san ba a sayar da dabba da igiyarta. Wanda ya kwance a kasuwa ya riƙe, ya sallama ke nan. Ja'irin ya sani sarai. Wata biyu yana zaune yana kallon yadda ake ciniki."

Doki bai dawo ba. Da shekara ta zagayo Balaraben ya sake biyowa, Tanko ya kai shi ƙara, shi kuwa ya ce saye ya yi. Dattawa uku suka shaida sun ga an kwance igiya. Aka kori ƙara, gari ya ɗauka Tanko ya ci kuɗi yana neman ƙari. Daga ranar ba wanda ya sake damƙa masa ko akuya ya sayar.

Sai bayan rasuwar Iya baffana ya gaya mini Tanko mahaifinta ne, suna kawai ta sauya. Na daɗe ina jin haushin dattawan nan, har na gane babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, mukan yi murna in baƙo ya zauna ya koyi al'adarmu, mu ce ya zama ɗan gida. Haka Tanko ma ya ce.