Da Aka Rage wa Kawu Magani

Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar motoci a Vénissieux, kusa da Lyon. Da mantuwa ta kama shi, aka kai shi gidan tsofaffi a gefen Lyon. Ni kaɗai ce danginsa a Faransa, ina zaune a Bobigny, a gefen Paris. Duk Asabar sai in hau jirgin ƙasa daga Paris, in shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in ƙarasa da bas.

Kullum a kujera nake tarar da shi, kai a sunkuye, yawu na zuba a rigarsa. In na gaishe shi, da ƙyar yake ɗaga ido. Wata ma'aikaciya ta ce da can ihu yake yi, yana ture masu yi masa wanka, shi ya sa aka ɗora shi kan maganin kwantar da hankali da na barci. Faransanci ya gudu daga bakinsa, Hausa ce kawai ta rage.

Na daɗe ina roƙon a rage maganin kafin wata sabuwar likita ta saurare ni.

Ta ce, "Za mu rage a hankali. Amma rigimarsa za ta dawo."

Rigimar ta dawo kuwa. Ya koma cin abinci da hannunsa, yana mitar babu yaji. Ya gane ni. Sai kuma waya: ina tsakiyar aiki za a kira, a kara masa a kunne don in fassara. Wani lokaci namiji yake so ya yi masa wanka. Wani lokaci ni ma ban san me yake nufi ba.

Ranar Asabar kuwa, da na miƙe sai ya riƙe jakata.

"Ɗiyata, yaushe za mu Damagaram?"

"Sai sanyi ya wuce, Kawu."

Waɗanda yake son gani a can duk sun rasu. Sai in zare yatsunsa daga jakar, in fita yana kirana.

Wata rana likitar ta dube ni, ta tambaya ko a mayar masa da maganin yadda yake da. Raina ya so a mayar. Daga baya na ce a bar shi haka.

Ya ƙara 'yan shekaru yana faɗa da kowa. A Lyon muka binne shi. Asabar ɗin da ta biyo, na yini a kwance, ko labule ban buɗe ba.